Mai gida ya ce zai rage masa haya in ya riƙa kwashe dusar ƙanƙara, in bar shi ya karɓa?

Mma_Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka zauna ƙasashen sanyi. Ɗana na biyu ya tafi karatu Toronto ta ƙasar Kanada a watan Satumba, ya kama hayar ɗakin ƙarƙashin ƙasa a gidan wani dattijo da matarsa. Daren jiya bayan Isha'i ya kira ni da murnarsa, wai mai gidan ya ce zai rage masa dala 150 a kuɗin haya kowane wata, daga Disamba har Maris, in dai ya yarda shi zai riƙa kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida da matakala da inda mota ke shiga. Har ya gama lissafi, ya ce da kuɗin zai biya wa ƙanwarsa kuɗin jarrabawa.

Ni dai ban runtsa ba. Yaron nan ko hunturunmu na Kumasi, da bai taka kara ya karya ba, in ya shigo sai ya kwana da suwaita biyu, ƙafa duk kaushi sai na bi shi da man kaɗe. Dusar nan kuwa a talabijin kawai nake ganinta. Ku gaya mini tsakani da Allah, aikin nan shara ce ko haƙa ce? In shara ce ya saba, tun yana ƙarami shi ke share tsakar gida. In haƙa ce, gara in hana shi tun bai sa hannu ba.

Direba_Kejetia:
Wa alaikumus salam Mma. Namiji ne fa, ki bar shi. Ga sa'anninsa nan suna dakon buhun masara tun asuba, ba su ganin rabin wannan kuɗin. Yaro ya ce zai taimaki gida, sa masa albarka kawai ya rage.

Yaya_Etobicoke:
Mma ina wuni. Shekarata 14 a garin da ɗanki yake. Wata rana shara ce, wata rana haƙa ce, kuma sai gari ya waye kake sanin wadda ta same ka.

In sanyi ya tsananta, dusar kan sauko a bushe kamar garin masara, ko tsintsiya tana ture ta. In kuwa sanyin bai kai ba, ana wajen sifili, sai ta zo a jiƙe kamar kwaɓaɓɓen siminti, ta manne wa shebur, ka ɗaga ka ji bayanka ya amsa.

Amma abin da ba wanda ya gaya mini kafin in zo shi ne motar ture dusa. Ka tashi ƙarfe biyar, ka share mashigar mota tas, ka koma ciki ka ɗora ruwan shayi, sai ka ji ƙuginta tana tahowa. Aikinta take yi, buɗe titi, amma duk abin da ta turo a bakin mashigarka yake tarewa, tudu har gwiwa, cakuɗe da gishiri da dunƙulen ƙanƙara. Ka bar shi awa biyu ya daskare, sai ka koma mai fasa dutse. A wasu unguwanni akwai motar da ke biyowa daga baya ta buɗe bakin, amma mai fita aiki ƙarfe bakwai ba ya iya jiranta.

Ranar Litinin 17 ga Janairu 2022, santimita 55 ta zuba mana. Motocin bas ɗaruruwa suka maƙale a kan titi, aka rufe manyan hanyoyi. Ni da maƙwabcina mun yi awa huɗu kafin mu ga tayar mota, daga ƙarshe wurin zuba dusar ma muka rasa, don tudun ya fi ƙarfin jifa.

Ki tambaye shi abu uku. Mota nawa mashigar ke ɗauka? Gidan a kusurwa yake, inda hanya biyu suka haɗu? Dattijon yana da inji ko shebur ne kawai?

Direba_Kejetia:
Santimita 55 ai bai kai ƙugu ba Yaya.

Yaya_Etobicoke:
Bai kai ba. Amma ka ɗauka yashi ne aka baza a duk tashar Kejetia har saman gwiwa, aka ce kowa ya fitar da motarsa.

Ticha_Asawase:
Bari in sa muku shi a lissafi. A ce mashigar mota tsawonta mita 10, faɗinta mita 3, dusa ta zuba santimita 20. Wannan ya ba da mita 6 na cika. In jiƙaƙƙiya ce, kowace mita ɗaya ta cika tana iya kai kilo 200. Jimla kilo 1,200, wato buhun siminti 24. A zubowa ɗaya ke nan, kuma ba babba ba. In busasshiya ce ba za ta kai rabin haka ba. Toronto kan samu sama da mita ɗaya a hunturu guda, sai dai ba lokaci ɗaya take zuwa ba.

Kawu_Ottawa:
Kafin a kai ga nauyin shebur, a duba nauyin takarda. Ni ba lauya ba ne, amma na yi haya shekara da shekaru a lardin Ontario, inda Toronto take. A dokarsu, kwashe dusa a wuraren da kowa ke bi haƙƙi ne a wuyan mai gida. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta lardin ta duba shari'ar wata 'yar haya da ta zame ta faɗi a hanyar shiga ɗakinta, ita ma na ƙarƙashin ƙasa ne. Mai gidan ya ce ai an rubuta a takardar haya cewa masu haya ne za su share. Kotu ta ce wannan layin ba ya sauke masa nauyi. In yana so ɗan haya ya yi aikin, sai an yi yarjejeniya mai zaman kanta, wadda ta fayyace aikin da ladansa.

To Mma, kada yaron ya yarda da maganar baki. A rubuta: wane wuri zai share, cikin awa nawa, wa zai sayi gishiri da shebur, in ba shi da lafiya ko yana jarrabawa wa zai yi. Mafi girma duka, in mai kawo wasiƙa ko baƙo ya zame ya karye, inshorar wa za ta biya? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Daga ranar da ya karɓi ragin nan, yatsa gare shi za a fara nunawa.

Mma_Aboabo:
Allah ya saka da alheri. Yaya_Etobicoke na tambaye shi. Ya ce mashigar tana ɗaukar mota biyu, ɗaya bayan ɗaya. Gidan ba a kusurwa yake ba. Akwai inji a gareji amma dattijon ya ce ya shekara biyu bai tashi ba. Shi dattijon an yi masa aiki a gwiwa, shi ya sa. Kawu_Ottawa, maganar karyewar baƙo ta ƙara tayar mini da hankali.

Nas_Bronx:
Mma, ni tambayata dabam ce. Yana da sikila? Yana da asma? Sanyi na tayar da su duka biyun, kuma mu mutanen gida sau da yawa ba mu faɗa sai an kwanta.

A asibiti muna sanin an yi dusa ko ba mu leƙa taga ba: ciwon baya, karayar wuyan hannu, sai kuma zuciya. Wani bincike da aka yi a nan Amurka kan shekarun 1990 zuwa 2006 ya nuna kusan mutum 11,500 ke zuwa asibiti duk shekara saboda kwasar dusa, kusan 100 kuma suna rasuwa, ta zuciya. Dalili shi ne sanyi yana matse jijiyoyin jini, jini ya hau, ga mutum ya taso daga barci ya hau ɗaga nauyi yana riƙe numfashi. Yawanci manya abin ke kayarwa, masu hawan jini da waɗanda ba su saba motsa jiki ba. Don haka dattijon ya yi daidai da ya ajiye shebur.

Saurayi lafiyayye zai iya. Ya riƙa turawa maimakon ɗagawa. In dole ya ɗaga, ya durƙusa da gwiwa, kada ya sunkuya da baya, kada kuma ya murɗa ƙugu yana jifa. Babbar dusa a fita mata sau biyu ko uku tana cikin zuba, ba a jira ta gama. In ya ji ƙirji ya ɗaure ko jiri, ya ajiye ya kira 911, ba ya kira gida Kumasi ba.

Mma_Aboabo:
Alhamdu lillahi ba shi da ko ɗaya 'yata. An gwada su duka tun suna yara.

Baba_Sawaba:
Ni abin da ya tsaya mini a rai dabam ne. Tsoho ne da ciwon gwiwa, da tsohuwar matarsa, suna kwana a saman kanka. Ashe sai an biya ka kafin ka share musu ƙofa? Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce. Mu a Zango haka muka tashi, yaro ba ya ganin tsohuwa da bokiti ya wuce. Ya yi musu don Allah, zai ga abin da zai biyo baya.

Kawu_Ottawa:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka gaskiya ce amma ƙasar ba haka take ba. In ya yi don Allah ba takarda, ranar da aka samu matsala ba wanda zai ce sadaka yake yi. Kuma su ne suka kawo tayin, ba shi ya roƙa ba. Ko kamfanin kwasar dusa suka kira, kuɗi za su biya.

Baba_Sawaba:
To ya karɓa, amma ya gyara niyya. Kuma kada ya tsaya kan abin da takarda ta ce kawai, in ya ga motar tsohuwa ta rufe ya kakkaɓe mata.

Boga_Hamburg:
Mu nan Jamus ba a ma tambayarka ko kana so. A gidaje da yawa jadawali ake mannawa a bakin matakala, kowane ɗaki da makonsa. In makonka ne, kafin mutane su fara fita da safe ka share hanyar masu ƙafa, in ta sake zuba ka sake. Kuma a nan Hamburg da Berlin an hana zuba gishiri a hanyar masu ƙafa, saboda yana kashe itatuwa yana cin ƙafar karnuka. Yashi ko tsakuwa ƙanana muke watsawa. Shekarar farko da na zo na ɗauko gishirin girki zan zuba, wata maƙwabciya ta fito ta riƙe mini hannu, ta kai ni ɗakin ajiya ta nuna mini bokitin tsakuwa. Har yau muna gaisawa.

Hajiya_Alabar:
Ku tsaya, gishiri kuma? Gishirin miya? Me ya haɗa shi da ƙanƙara?

Ticha_Asawase:
Shi ne Hajiya, sai dai na titi tsakuwa-tsakuwa ne ba a tace shi ba. Ruwa zalla yana daskarewa a sifili. In gishiri ya narke a ciki, sai sanyi ya wuce haka kafin ya daskare. Shi ya sa ruwan teku sai an kai wajen digiri 2 ƙasa da sifili. Masu sayar da kankana da ruwan sanyi ma wasu na barbaɗa gishiri a kan ƙanƙara don kayan su ƙara sanyi, aiki ɗaya ne. Ka watsa a matakala, ƙanƙarar ta narke, an huta.

Dan_Yalwa_Montreal:
Ticha, gyara kaɗan. Ba kullum ake hutawa ba. Da sanyi ya wuce digiri 10 ƙasa da sifili gishiri ya fara kasala, in ya kai 20 kusan kwanciya kawai yake a kan ƙanƙarar. A irin ranakun sai wanda ake ce wa kalsiyam kuloraid, ya fi tsada, ko yashi don ƙafa ta samu abin kamawa. Kuma gishiri ba ya maye gurbin shebur. A share tukuna, sannan a barbaɗa kaɗan. Wanda ya zuba a kan tudun dusa ya yi asarar kuɗinsa, ya samu taɓo, dare ya yi taɓon ya koma gilashi.

Mu a Montreal ba ture ta kawai ake yi ba, kwashe ta ake yi da tifa a fitar da ita. Za a kafa alama a layi cewa kada a ajiye mota daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Kafin su fara, a wasu unguwanni janwe ke zagayawa da jiniya. Duk inda kake, ko a gado, ka ji ta sai ka zabura ka tuna inda ka bar motarka. Sai injin ya biyo yana zuƙe dusar yana fesa ta cikin tifa, wata na cika wata na matsowa. Yarana har yanzu taga suke rugawa su kalla. Kuma a lardinmu na Quebec tayar hunturu dole ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. A Ontario ba dole ba ce, ragin inshora ake yi wa wanda ya sa.

Ticha_Asawase:
Na karɓi gyara. Gani ya kori ji.

Inna_Buffalo:
Tun ɗazu nake karantawa, kowa na maganar shebur da gishiri. Mma ta ce ɗakin ƙarƙashin ƙasa yaron yake, ni a nan zuciyata ta tsaya.

Ina Buffalo ta Amurka aka yi babbar dusar Disamba 2022. Ranar Juma'a 23 ga wata ta fara, iska da dusa tare, ka miƙa hannu ba ka ganinsa. Garinmu a bakin tafkin Erie yake, iska mai sanyi in ta ratsa saman ruwan da bai daskare ba sai ta kwaso danshi ta juye mana. Mutum fiye da 40 suka rasu a yankin. Wasu a cikin mota, wasu a kan hanya, wasu a gida ba wuta, wasu wajen kwasar dusar.

Abin da nake so yaron ya sani: injin ɗumama gida yana da bututun da ke fitar da hayaƙi, a gidaje da yawa ta jikin bango yake fita, ƙasa-ƙasa. In dusa ta toshe shi, iskar gubar nan da ba ta da wari ba ta da launi tana iya komawa cikin gida, kuma injin yawanci a ƙarƙashin ƙasa yake, kusa da mai kwana a can. A daren nan sau uku mijina yana ɗaura igiya a ƙugu, ina riƙe da bakinta daga ƙofa, ya lallaɓa jikin bango ya buɗe bututun da hannu. Ko ya karɓi aikin ko bai karɓa ba, ya sa a nuna masa inda bututun yake, ya tabbata akwai ƙararrawar hayaƙi da ta iskar guba a kusa da inda yake kwana, ya danna ya ji tana kuka. Tagar ɗakinsa da matakalarsa kada ya bari su rufe, su ne mafitarsa in wuta ta tashi.

Haka mota. In ta nutse a dusa, a buɗe bakin salansa kafin a tayar da ita, kada a zauna ciki ana jin ɗumi alhali bayan a toshe.

Nas_Bronx:
Inna ta faɗi abin da ya fi komai. In ƙara: kada ya kuskura ya kunna gawayi ko risho ko janareto a ɗaki don jin ɗumi, irin yadda muke shiga da kurfoti, murhun gawayi, ɗaki lokacin hunturu a gida. Ɗakunanmu na shan iska ta ko'ina, nasu a toshe suke ruf. Hita ta lantarki ma a yi hankali. Gobarar da ta ci mutum 17 a nan Bronx ranar 9 ga Janairu 2022, yawancinsu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan asalin Gambiya, daga irin wannan hita ta tashi.

Mma_Aboabo:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ji ƙansu. Inna_Buffalo na tura masa saƙonki yadda yake, ban taɓa ko harafi ba.

Dan_Nima:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, mutanenmu a can suna tashi ƙarfe biyar su share ƙofar gida saboda tsoron tara. A nan kwatar ƙofar gidanmu sai ta cika da leda ta toshe, kowa na tsallakewa. Mun ga abin da ya faru a Circle, cikin Accra, ranar 3 ga Yuni 2015, ambaliya da gobara, mutum sama da 150 suka rasu. An kawo ranar tsafta ta ƙasa a Ghana a 2014, Asabar ɗin farko ta kowane wata, nawa ne cikinmu suke fita? Dusarmu ita ce leda, mu ba ta narkewa.

Hajiya_Alabar:
Wallahi kuwa. Mma_Aboabo ma shaida ce, duk damina sai ruwa ya shiga gidajen bakin rafi a unguwarsu.

Direba_Kejetia:
Dan_Nima kada ka ɗora wa talaka duka. Can in ka tara, mota na zuwa ta kwashe. Nan mun sha fitar da shara daga kwata mu tara a bakin titi, ta kwana uku, ruwa ya zo ya mayar da ita inda ta fito.

Yaya_Etobicoke:
Direba, nan ma ba aljanna ba ce. Bayan ta 2022 an yi makonni ana kwasa, mutane na ta ƙorafi, masu keken guragu da masu turin jarirai sun sha wuya. A Janairun 1999 ma sai da magajin gari Mel Lastman ya kira sojoji. Bambancin dai shi ne kowa ya san iyakar nasa. Dokar Toronto ta ce inda hukuma ba ta share hanyar masu ƙafa ba, mai gida ya share cikin awa 12 bayan dusa ta tsaya. Kuma haramun ne ka turo dusar gidanka kan titi, ana cin tara. Wannan ma a gaya wa yaron, don sabon zuwa abin da yake fara yi ke nan.

Mu dawo kan Mma. Mota biyu a jere, ba kusurwa ba, wannan matsakaici ne. In hunturu ya zo da sauƙi ya ci riba. In ya zo irin na 2022 zai ji a jikinsa. Ni da zan ba shi shawara, ya ce a gyara injin nan a sa cikin yarjejeniya. Amma a koya masa: in dusa ta toshe bakin injin, a kashe shi, a zaƙulo da sanda. Hannu ba ya shiga ko an kashe, don ƙarfen kan juya da sauran ƙarfinsa. Yatsu da yawa sun tafi a haka.

Dalibi_Winnipeg:
Ni ɗalibi ne kamarsa. Mma, abin da zai fi damunsa ba ƙarfi ba ne, lokaci ne. Dusa ba ta san kana da jarrabawa ƙarfe takwas ba, kuma Disamba watan jarrabawa ne. Ranar da ta zuba da yawa ita ce ranar da bas ke makara, ita ce kuma ranar da za ka yi awa ɗaya a waje kafin ka fita. Sannan bizar karatu awa 24 a mako ta yarda a yi aiki a wajen makaranta. In yana da wani aikin, ya je ofishin ɗalibai baƙi na makarantarsu ya tambaya ko wannan zai shiga lissafi. Ni da ni ne ba zan karɓa a shekarar farko ba. Ya ga hunturu ɗaya da idonsa tukuna.

Hajiya_Alabar:
To kayan sanyi fa? In Mma za ta aika, akwai masu gwanjo a nan da ke da manyan riguna masu kyau, ai daga can ake kawo su.

Dalibi_Winnipeg:
Rigar gwanjo ta yi Hajiya, tawa ma daga gida na zo da ita. Takalmi ne dai ya saya a can, wanda ruwa ba ya shiga, mai ƙasa mai kama santsi, ya ɗara ƙafarsa kaɗan don safa mai kauri. Kada ya sa rigar auduga a jikin fata in zai yi shebur, tana shan gumi ta riƙe, da ka tsaya sai sanyi ya kama ka. Safar hannu biyu, in ɗaya ta jiƙe ya canza. In yatsa ko kunne ya yi fari ya daina ji, ya shiga ciki ya sa a ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, kada ya murza.

Malam_Asokore:
Tun da an zo nan, ya nemi huffi na fata. Ya yi cikakkiyar alwala ya sa, daga baya shafa ta wadatar, zai rage masa wahalar cire takalmi a makaranta. Kuma a daren sanyi mai tsanani an ruwaito ana sa ladan ya ce a yi salla a gida, don haka ranar da hanya ta rufe kada ya jefa kansa cikin haɗari. Mu da muke roƙon Allah ya wanke mu daga zunubai da ruwa da dusa da ƙanƙara, shi ga shi zai riƙe ta a hannu.

Boga_Hamburg:
Ni ina tare da Dalibi_Winnipeg. Shekarar farko jiki bai san komai ba. Tafiya a kan ƙanƙara ma sai an koya, gajeren taku, hannu a waje ba a aljihu ba.

Direba_Kejetia:
Ni kuma har yanzu ina kan bakana. Dala 600 a wata huɗu, ku juya ta zuwa sidi, kuɗinmu na Ghana, ku gani. Duk ku da kuke ba da shawarar nan ai da shekarar farko kuka fara.

Inna_Buffalo:
Da ita muka fara Direba, shi ya sa muke magana.

Mma_Aboabo:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Mun yi magana mai tsawo da shi yau bayan Asuba. Ya sami bututun, yana bayan gida kusa da tagarsa, ƙasa da gwiwa. Ƙararrawar hayaƙi akwai, ta iskar guba babu a ƙasa, dattijon ya ce zai sayo gobe. Maganar takarda ya ce ba matsala, 'yarsu za ta zo ƙarshen mako ta rubuta. Injin ne bai yi alkawari ba, wai sai mai gyara ya gani. Yaron yana so ya karɓa. Babansa ya ce ya karɓa. Ni na ce ya nemi a rubuta wata ɗaya tukuna, Disamba kawai, in ya ga zai iya a ƙara. Ya ce yana jin kunyar faɗa wa tsohon haka.

Kawu_Ottawa:
Ba abin kunya ba ne a wurinsu Mma, sun fi son a faɗa tun farko. Amma Disamba ba ita ce ma'auni ba, Janairu da Fabrairu ne masu nauyi. Kuma kada a manta da layin inshora.

Baba_Sawaba:
Kunyar nan tasa alheri ce, kada a cire masa ita.

Yaya_Etobicoke:
Mma ki turo mini lambarsa ta akwatin sirri. Ina da shebur biyu, na turawa da na ɗagawa, ɗaya zaune yake. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan biya in ga mashigar da idona, in duba injin ma, wataƙila tsohon mai ne kawai ya kwana a ciki.

Mma_Aboabo:
Na turo Yaya, Allah ya raya zuri'a. Yanzun nan ya aiko mini da bidiyo, wai ta fara sauka, 'yar kaɗan, tana taɓa ƙasa tana narkewa. Ya miƙa hannu tana faɗowa a tafinsa, ba ko safar hannu. Dalibi_Winnipeg, takalmin nan da ka ce, kamar nawa zai ci?